Man da Ya Fi Ƙarfin Inji

Da makanike ya zare tiyon iska, baƙin mai ya dalalo masa har gwiwar hannu. Ya dubi direban, direban ya dubi ƙasa.

Kwana biyu ke nan fitilar gargaɗin inji tana ci a gaban sitiyari, motar tana shaƙewa tana aman hayaƙi. Motar Baba ce, tsohon direban tirela da ya ajiye aiki. Babban ɗansa ne ya saya masa ita, shi ya ɗauko masa direba shekara shida da suka wuce, kuma shi ne yau tsaye a gareji yana huci. Ya riga ya yanke hukunci: in laifin direba ne, aikinsa ya ƙare. Ga shi matar bawan Allah ta haihu makon jiya, kwana biyar ya yi a asibiti bai leƙo aiki ba.

Baba kuwa yana kan benci yana goge yatsunsa da hankici. Sau biyu yana tambayar makanike lafiyar mahaifinsa.

Makanike ya jona na'ura ya karanta, ya girgiza kai. Ya ciro filtar iska, jagab take da mai. Ya duba ɗan bawul ɗin da inji ke numfashi ta cikinsa, lafiya ƙalau. Ya gwada ƙarfin injin, babu abin da ya same shi. Daga ƙarshe makanike ya zaro sandar awon mai.

"Tabɗi!"

Ya kwance ƙasan injin ya tara galan. Lita huɗu motar ke sha, sai ga shida da rabi.

"Inji ba ya haihuwar mai, ranka ya daɗe," in ji makanike. "Wani ne ke ɗura masa. Da man ya rasa wurin zama, sai ya bi hanyar iska. Saura ƙiris injin ya buga."

Ɗan Baba ya juyo kan direba. "Wa ke taɓa motar nan in ba kai ba?"

Direba ya saci kallon Baba. Tsohon ya yi masa murmushi, irin na kullum. Direba ya tuna jaririyarsa da ko kayan sawa bai gama haɗa mata ba.

"Ni ne, yallaɓai. Kuskure ne."

"Kawo makullin."

Garin ciro makullin, wani siririn tiyo ya faɗo daga aljihunsa.

"Au, har da satar fetur? To, ka ɓace mini da gani!"

Makanike ya ɗauki tiyon ya sunsuna. Ba warin fetur ba ne. Ya buɗe baki zai yi magana, direba ya girgiza masa kai, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya fita da ƙafa. Wallahi abin tausayi.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya tashi, Baba ya buɗe bonet ɗin motar ya zuba mata rabin litar mai, kamar yadda ya shekara talatin yana yi wa tirelarsa, kamar yadda yake yi kullum tun da mantuwa ta kama shi. Sai ya zauna jiran direba, wanda ya yi shekara guda yana bin bayansa yana zuƙe man da tiyon nan a ɓoye, ban da kwana biyar ɗin asibiti, don kada 'ya'yan Baba su gane su raba shi da gidansa.