Guntuwar Wutsiya

"Shekara arba'in ina ɓoye miki wani abu," in ji Baba, yana juya shayinsa a gidan tsofaffi na birnin Leeds. "Kin tuna macen ɓeran hamadar da kike kiwo, wadda naƙuda ta gagara? A aljihun kwat ɗina ta mutu, cikin bas, kafin mu kai wurin likitan dabbobi. Wata na sayo miki."

Na tuno shi a bakin ƙofa ranar, ruwa ya yi masa sharkaf, yana murmushin dole.

"Haba Baba, tawa ai guntuwar wutsiya gare ta."

Ya saki cokalin. "Ashe kin sani! Me ya hana ki magana?"

"Idonka na gani ya yi jawur. Shi ya sa na yi ta tsalle ina cewa ta warke."