Mita Ɗari da Goma Sha Takwas

Auta ta sake duba tef ɗin awo, ta sake lissafi a bayan takarda, amsar dai ba ta canza ba: mita ɗari da goma sha takwas. Ita kuwa wayar da ke haɗa kwamfutoci ba ta san lallashi ba. Da ta wuce mita ɗari, saƙo ya fara lalacewa a hanya.

"Nawa?" mijinta ya ɗaga murya daga can ƙarshen fili, riƙe da bakin tef.

"Ta zarce!"

"To ai shi ke nan. Naɗe abinki mu tafi, rana ta take."

Maɗaba'ar mahaifinta ce. Da ya rasu bara aka raba gado: ginin gaba mai injina da ofisoshi ya zama na Yaya, dogon ɗakin baya da ke ƙetaren fili ya zama nata. A ɗakin nan ta tashi, tana jera wa Baba takardu tun kanta bai kai tebur ba. Burinta ta buɗe sashen zane a ciki, tebur shida, aiki ya riƙa tafiya daga kwamfutocinta kai tsaye zuwa injinan Yaya. In babu waya, ɗakin ya zama kango.

Da yake ita ta karanci harkar, ita Yaya ya ba aikin tsara wayoyin gidan. Matsalar ma ba wata babba ba ce. Babban suwic, akwatin da duk wayoyi ke haɗuwa a cikinsa, zai zauna kusa da ofishin Yaya. Sai a ƙara ƙarami a ɗakin ajiyar takardu da ke tsakiya: mita saba'in zuwa can, arba'in da takwas zuwa ɗakinta. Ta zana shi tsaf, ta kai masa tana murmushi.

Yaya ya duba zanen. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan ɗakin baya.

"Ki tsaya a ɗakin ajiya, Injiniya."

Injiniya! Mutumin da ya goya ta zuwa makaranta, yau shi ne bakinsa ya kasa cewa Auta. Wata biyu ke nan yana amsa gaisuwarta da ka, matarsa ma ta daina kiranta. Ta fito idanunta na yaji.

"Kada ki tanka masa," in ji mijinta da suka shiga mota. "Gado ne, haka yake yi wa 'yan'uwa. Ki bar ni da shi."

Ta bar shi da shi ɗin, kamar kullum. Tun rasuwar shi ke kai-kawo tsakaninsu, don a lokacin ko sunan Baba ta gani a takarda sai ta yi kuka. Allah ya saka masa, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Mako uku tana haɗiye abin. Ta tsaya a kan ma'aikata suna jan shuɗayen wayoyi ta cikin silin, ta liƙa wa kowace lamba, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Suwic mai baki ashirin da huɗu, an cike goma sha tara, biyar na zaune a banza. Ko ɗakin mai gadi an ja masa waya saboda kyamara. Mai gadi fa! Ita da ta fito ciki ɗaya da mai gidan, ko ɗaya.

Ranar da aka gama, mijinta ya zo ɗaukarta. Ta ce ya jira ta a mota, ta manta jakar kayan aiki. Ba jakar ta nufa ba. Ta tura ƙofar ofishin Yaya ko sallama babu.

"Yaya, me na yi maka? Waya ɗaya tak! Ko so kake in gaji in bar maka ɗakin? In shi kake so, ka faɗa mini a fuskata."

Ya cire tabarau a hankali. Sai yanzu ta lura da yadda ya rame.

"Ki bar mini?" in ji shi. "Sau uku ina aika miki, in dai sayarwa za ki yi, ki sayar mini, kada ɗakin Baba ya fita daga gida. Aka dawo mini da cewa kin ce kowa ma ya saya ban da ni. Na haɗiye. Yanzu kuma so kike in ja waya in kai wa baƙo har ɗakinsa?"

"Wane baƙo? Wa ya ce zan sayar?"

Yaya ya jawo aljihun tebur, ya miƙa mata kwafin takardar cinikin ɗakin da mai sayen ya kawo masa kusan wata uku da suka wuce.

A waje aka danna hon sau biyu. Auta ta bi layukan da yatsa har ƙasa. Ga sunanta a wurin mai sayarwa, a ƙarƙashinsa kuma, inda aka rubuta wakili, ga sa hannun mijinta.