Ƙwayar Safe

Yunusa ya zazzago ƙwayoyi biyu daga kwalba, ya durƙusa a bakin tabarmar matarsa Zulaihat. Rana ta fito, masunta sun daɗe da sauka kogin Haɗeja, shi kuwa yana gida yana jinya.

Maganar likita ba ta bar kunnensa ba. An ce wata ƙwayar cuta ce ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa, ta kumbura ta, ta kashe ƙananan jijiyoyin da ke ajiye abin da mutum ya gani jiya. Zazzaɓi ya tafi, amma abin da ya mutu ba ya tsirowa. Tsohon abu zai zauna, sabo kuwa zai zube kamar ruwa a komar masunta. In aka tsallake magani, jijjiga za ta dawo, kuma tana iya zuwa da ajali. Ranar da aka faɗi wannan ta shige masa duhu, ya ɗora laifin a kan gajiyar zaman asibiti.

Abin da ya fi cin ransa shi ne yadda take shirya zance. Yanzu ma ta ce masa an girbe shinkafa tun tuni, har an shuka alkama a fadama, alhali shekaranjiya ya baro shinkafarsa tsaye cikin ruwa, ko kai ba ta fitar ba. Ta ce ƙaninsa Badaru ya yi aure. Yunusa bai musa mata ba. Mai ciwo ba a ja da shi.

Ya dubi komarsa a rataye jikin katanga, ta bushe ƙayau, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ya yi mamakin saurin gizon bana. Ya gaya mata zai leƙa fadamar Baturiya ya duba tarkunansa na kifi kafin azahar. Ta riƙe bakin rigarsa, ta ce Badaru ya tafi da kwale-kwalen, kuma ita tsoro take ji in ba ya nan. Hannunta ya rame, idonta ya faɗa kamar na wadda ba ta barci. Sai ya zauna.

Ya miƙa mata maganin, ta kawar da kai.

"Malam, ba zan sha ba sai ka fara sha. Ina na san abin da ke ciki?"

Zuciyarsa ta karye. Matar da ta yi shekara tara tana cin abin da ya kawo, yau tana zarginsa. Ya daure ya yi murmushi, ya jefa ɗaya a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe mata bakinsa ta gani.

"Kin gani? Saura ke."

Ta karɓi ɗayar, ta kai hannu baki, ta sunkuyar da kai. Ya ga hawaye na ɗiga kan zanenta, ya yi mata addu'ar samun sauƙi, ta amsa da amin har sau uku. Daga nan ya tashi ya ɗebo mata ruwa a randa.

Yana juya baya Zulaihat ta buɗe tafinta, ta mayar da ƙwayar cikin kwalba kamar yadda take yi kowace safiya wata biyar ke nan, ta juya takardar jikin kwalbar ta fuskanci bango, don kada ya karanta sunansa a kai.