Takardun da Baba Ya Sossoke

Babana littafin labarai yake rubutawa a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa, kullum da jan biro a bayan kunnensa. Wata la'asar ya tafi masallaci, ni kuma ina 'yar shekara tara, na ce bari in gyara masa tebur ya yaba mini. Takardu masu tsabta na jera su gefe guda. Waɗanda jan biro ya sossoke kuwa na ɗauka shara ce, na kwashe na kai wa Inna mai ƙosai ta riƙa naɗa wa masu saye.

Yana dawowa na faɗa masa, har ina washe baki. Muka ruga wajenta, shafi ɗaya kawai ya rage, shi ma mai ya jiƙa shi. Ko tsawa bai yi mini ba. Ya ɗaga shafin yana ƙoƙarin karantawa, ya ce, "Ɗiyata, masu tsabtar nan ban fara gyara su ba. Aikin duk yana cikin masu dattin."

Littafin bai taɓa fitowa ba. Yau ni ma rubutu nake yi, kuma in aka miƙo mini ƙosai a takarda, sai na ji kaina ya sunkuya.