Ranar da Kifin Abhur Ya Taso

Ina ɗan shekara takwas Baba ya tafi da ni Abhur, wata gaɓar teku a ƙasar Larabawa, a kwalekwalensa, ya ɗauko wani Ba'amurke mai nazarin kifi da tsuntsaye. Mutum ne mai sanyin hali. Ko tari na yi, sai ya ɗora yatsa a baki, kada tsuntsu ya tashi.

Bayan la'asar baƙon ya dama wani gari a bokiti, mai warin jiƙaƙƙiyar saiwa, ya tuttule a ruwa tsakanin duwatsu. Har yau warin nan yana hancina. Can sai kifi ya fara tasowa, ciki a sama. Ja, shuɗi, rawaya, manya da ƙanana, har suka rufe ruwan. Na ƙanƙame rigar Baba, bakina a buɗe.

Shi kuwa Baturen murna yake yi. Ya tsamo waɗansu 'yan ƙanana da ba su kai yatsana ba, ya jefa a kwalba, ya ce da Larabci, "Halas, yalla!" wato an gama, mu tafi. Sauran ya bar su nan.

Baba ya daɗe bai taɓa filafili ba. Sannan ya ce mini da Hausa, don kada baƙon ya gane: "Ɗana, mu da muke cinsu ma, ba mu taɓa yi musu haka ba."