Wanda Ya Je Ganin Kaka

Ƙanena ne ya tafi ganin Kaka, ni ina gonar inabi da almakashi a hannu. Shi a nan California aka haife shi, yana da takardar fita ya dawo. Ni kuwa Kaka ce ta raine ni a ƙauyenmu na Michoacán kafin in tsallako iyaka ba takarda, kuma in na fita, na fita ke nan.

Kowace shekara rediyo na cewa manyan jam'iyyun ƙasar nan biyu sun kusa daidaitawa a ba irinmu takardar zama. Mai gonar ma fatansa ke nan, don ba mai tsinkar masa inabi sai mu. Jikin Kaka dai bai jira su ba.

"Yaya, ko in cusa ka cikin jaka ne?" in ji shi ranar tafiya. Na yi dariya, na miƙa masa jakarsa.

Bayan ya isa, da rana ya kira ni ta bidiyo daga bakin gadon Kaka. Idanunta sun daina gani. Ta lalubo fuskarsa, shi da bai taɓa cin tortiya, wainar masarar hannunta, ba.

"Ɗan tsakona, ka dawo?" Ta kira shi da sunana. "Na faɗa musu ba za ka bari in tafi ban taɓa ka ba."

Ya dube ni ta wayar, yana jiran abin da zan ce. Raina bai so ba, amma na gyaɗa masa kai.

"Ni ne, Kaka."

Ta jawo kansa ta sumbaci goshinsa. Na ajiye almakashin, na shafa nawa.