Busar Layin Baya

A birnin Kansas na Amurka akwai wani shugaban makaɗa da ake cewa bai iya yabo ba, bai kuma iya ba da haƙuri ba. Shekara talatin yana jan makaɗan jaz goma sha shida, kuma duk inda aka zo gaɓar da mai toronbon, ƙahon ƙarfen nan da ake busawa ana turawa ana jawowa, zai miƙe ya busa shi kaɗai, ba mai miƙewa sai shi. Abokinsa na ƙuruciya, wanda kowa ya san ya fi shi iya busa toronbon, a layin baya ya ajiye shi.

Ran Lahadin da shugaban zai yi bankwana da dandali, ya miƙe gaban jama'a ya kai ƙaho baki. Leɓen da ya tsufa ya ƙi. Iska kawai ta fito.

Sai busar ta taso daga bayansa, irin tasa sak, har da 'yar karkarwar da aka san shi da ita. Shugaban ya ci gaba da tura ƙahonsa yana jawowa ba sauti, jama'a na tafi suna kiran sunansa.

Da aka gama, abokin ya goge bakinsa ya ce ƙasa-ƙasa, "Rusuna musu mana, tsoho. Yau kam ka busa."

Shugaban bai rusuna ba. Ya koma baya ya kamo hannunsa, ya kawo shi gaban lasifika.

"Wannan kuka ji, ba ni ba," ya ce wa jama'a. Sannan ya juyo. "Ɗan'uwa, shekara talatin na tare maka hanya. Ka yafe mini."